Sitaj a Ƙungiyoyin Agaji a Arewacin Kamaru: Ina Ya Kamata Ɗalibi Ya Kai Takardunsa?

Idan shekarar karatu ta doshi ƙarshe, wajajen Mayu da Yuni, duk wanda ya bi ta unguwannin Pitoware da Domayo a Marwa da hantsi zai ga ɗalibai rungume da ambulan, suna bin ofisoshin ƙungiyoyin agaji ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa wa mai gadi takardar neman sitaj, wato zaman koyon aiki na ɗan lokaci. Haka abin yake a Garwa da Ngaundere. Wasu makaranta ce ta wajabta musu, domin ba za su kammala lisans ko masta ko difilomar BTS ba sai sun kawo rahoton aikin da suka yi a wata ma'aikata. Wasu sun riga sun gama karatu, suna neman abin da za su rubuta a takardar tarihin aikinsu ban da sunan makaranta. Akwai kuma waɗanda abin da idonsu ya gani ne ya ja su, domin duk wanda ya taso a yankin nan daga 2013, shekarar da aka buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo kusa da Mokolo, ya san abin da rikicin Boko Haram ya yi wa jama'a, ya ga waɗanda faɗan Logone-Birni na 2021 ya kora zuwa Cadi, ya kuma ga ambaliyar 2024 da ta ci gidaje da gonaki a Yagwa da kewayenta.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambayar da ɗan yayata ya zo mini da ita, shi da yake shekara ta uku a fannin nazarin zamantakewa a Jami'ar Marwa. Ya ce: "Kawu, wata ƙaramar ƙungiya ta ce in fara ranar Litinin, amma ba ta da ko sisin da za ta ba ni. Babbar da na kai wa takardu tun wata biyu kuma an ce in jira. In karɓi wannan ne, ko in jira waccan?" Na shafe shekaru a wannan aiki, na fara a matsayin ɗan sitaj, daga baya aka riƙa damƙa mini 'yan sitaj in kula da su, don haka na san cewa amsar ba ta fitowa sai an auna abubuwa da dama. Hanyoyin da ke gaban ɗalibi huɗu ne: manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa tare da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙungiyoyin gida masu rajista, ƙungiyar agajin gaggawa ta Croix-Rouge da sauran aikin sa-kai, sai kuma ƙananan ƙungiyoyin unguwa da na masallatai.

Ma'aunan da za a duba

Ma'auni na farko kuɗi ne, kuma a nan ɗalibai kan tambayi nawa za a ba su, su manta da tambayar nawa za su kashe. Ga lissafin da muka yi da yaron nan a bayan ambulan ɗinsa, shi da yake zaune a gidan iyayensa: babur ɗin haya zuwa da dawowa sefa 400 a rana, abincin rana sefa 500, kwanakin aiki 22 a wata, a ƙara sefa 3,000 na katin waya da intanet. Jimla ta kama sefa 22,800 a wata, wata uku kuwa sefa 68,400, abin da ya zarce sefa 50,000 da ake biya na rajistar shekara guda a jami'ar gwamnati. Ba mu sa kuɗin hoto da kwafin takardu da kan sarki na sefa 1,500 ba, balle hayar ɗaki ga wanda zai bar garinsu. Ya kamata kuma a sani cewa mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 da aka tsayar a 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba, ba shi ne ƙungiyoyi ke bi wajen ɗan sitaj ba. Abin da ake ba shi ɗan ihisani ne, wanda ya danganta da tsarin kowace ƙungiya da kuma kuɗin shirin da take gudanarwa a lokacin.

Na biyu shi ne ƙarko, wato abin da zai saura a hannun ɗalibi bayan an gama: takardar shaidar da makaranta za ta amince da ita, ƙwarewar da zai iya nunawa a gaban masu ɗaukar aiki, da mutanen da za su tsaya masa idan aka tambaye su halinsa. Na uku sauƙin shiga, daga yawan takardun da ake nema har zuwa tsawon jira. Na huɗu haɗari, wanda bai tsaya ga tsaron hanya kaɗai ba, ya haɗa da 'yan damfara, da ci da gumin ɗalibi, da ɓarnar da shi kansa ɗalibin zai iya yi wa mutanen da ake taimako idan aka tura shi ba tare da horo ba.

Na biyar shi ne wanda na fi ɗora wa nauyi, kodayake ba kasafai ake rubuta shi a sanarwar neman 'yan sitaj ba: wane ne zai kula da kai, kuma yana da lokacinka? Sunan ƙungiya ba ya koya wa kowa aiki. Mutum guda da zai zauna da kai sau ɗaya a mako, ya karanta abin da ka rubuta, ya ce nan ka yi daidai, nan kuma sake, shi ne zai sa wata ukun nan su yi albarka.

Manyan ƙungiyoyi da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya

A Marwa akwai ofisoshin HCR mai kula da 'yan gudun hijira, da UNICEF, da PAM mai samar da abinci. Akwai kuma ƙungiyoyi irin su Plan International, IRC, NRC, Action contre la Faim, ALIMA da Médecins Sans Frontières da suka yi aiki a sassan Arewa Mai Nisa. Nan ne zuciyar kusan kowane ɗalibi take, kuma ba laifinsa ba ne.

Ta fuskar kuɗi, wannan hanya ce ta fi sauƙaƙa wa iyaye. HCR da UNICEF duka suna ba ɗan sitaj alawus na abinci da sufuri, kuma galibin manyan ƙungiyoyi suna da rubutaccen tsari a kan haka, ba sai an yi roƙo ba. Ta fuskar ƙarko kuma takardarsu tana da kwarjini, ana karɓarta a Yawunde da Njamena da ko'ina. Ɗalibin da ya dace zai koyi yadda ake rubuta rahoton da mai ba da tallafi zai karanta, da yadda ake tattara bayanai da manhajar waya ta KoboCollect a tace su a Excel, da ƙa'idojin sayayya da na ajiyar kaya waɗanda ƙananan ƙungiyoyi ba su cika bi ba.

Matsalar tana wajen shiga. Kai takarda ga mai gadi ba ya cika haifar da komai a waɗannan ofisoshi, domin ana tallata guraben ne a shafukansu na intanet, a cike fom, a tantance, a yi hira, abin da kan ɗauki watanni. HCR tana son wanda ya kammala aƙalla shekara biyu a jami'a. UNICEF tana karɓar ɗalibi ko wanda bai wuce shekara biyu da gama karatu ba, na tsawon mako 6 zuwa 26. Ana buƙatar Faransanci mai kyau a rubuce, sau da yawa har da Turanci. Daɗin daɗawa, tun da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025, aka kuma rufe hukumar USAID daga baya, shirye-shirye da yawa sun tsaya, ma'aikata masu shekaru a bakin aiki sun koma gida, guraben sitaj ma suka ragu. Ɗalibin da makaranta ta yanke wa ranar kawo rahoto bai kamata ya rataya shekararsa a kan wannan hanya ita kaɗai ba.

Haɗarin hanya a nan kaɗan ne, saboda waɗannan ƙungiyoyi suna da jami'an tsaro, suna da lokacin da motocinsu ba sa wucewa a waje, kuma ba su cika tura ɗan sitaj bakin iyaka ba. Suna da dalili: a Fabrairun 2022 an sace ma'aikatan Médecins Sans Frontières biyar a Fotokol, ba a sako su ba sai bayan fiye da wata guda. Amma wannan kariyar tana da tsadarta, domin ɗalibi na iya gama sitaj ɗinsa bai taɓa haɗa ido da mutum ɗaya daga cikin waɗanda ake yi wa aikin ba. Ni kaina na ɗanɗana haka a wata babbar ƙungiya. Wanda aka ce shi ne mai kula da ni kullum yana kan tafiya, sai na shafe kusan wata biyu ina kwafin takardu, ina jera takardun sa hannun mahalarta taro bisa kwanan wata. Wata ma'aikaciya a sashen bibiyar ayyuka ce ta lura da zamana, ta jawo kujera kusa da tata, ta nuna mini yadda ake gano sunan da aka rubuta sau biyu a jerin masu karɓar abinci. Abin da na koya a mako ukun ƙarshe a gefenta shi ne ya ba ni aikina na farko.

Haɗari na biyu 'yan damfara ne, waɗanda ke ɗaukar tambarin waɗannan hukumomi su yaɗa sanarwar ƙarya a WhatsApp da Facebook, su ce a tura kuɗin buɗe fayil ta Orange Money ko MTN MoMo. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa karɓar ko sefa ɗaya a kowane mataki na ɗaukar ma'aikaci ko ɗan sitaj. Duk sanarwar da ta nemi kuɗi, a bar ta.

Ƙungiyoyin gida masu rajista

A nan nake ganin galibin ɗalibanmu za su fi amfana, kuma a nan ne ya fi kamata a yi taka-tsantsan wajen zaɓe, domin akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda allon suna kawai gare su. Daga cikin sanannu a Marwa akwai ALDEPA, wadda ta daɗe tana aiki a kan ilimin 'ya'ya mata da kare yara, da reshen ALVF na Arewa Mai Nisa mai yaƙi da cin zarafin mata, wanda Aissa Doumara Ngatansou tana cikin waɗanda suka kafa shi, ita ce kuma ta fara samun lambar yabo ta Simone Veil daga Faransa a 2019. Irin waɗannan ƙungiyoyi su ne manyan hukumomi ke ba kwangilar aikin da ake yi a ƙauyuka da sansanoni. Tun a taron jin ƙai na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 aka yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji ga ƙungiyoyin gida, kuma duk da cewa ba a cika alkawarin ba, aikin hannu da hannu da jama'a su ne ke yin mafi yawansa.

Kafin ɗalibi ya sa hannu, ya tambayi matsayin ƙungiyar a doka. Dokar 19 ga Disamba 1990 ta ba jama'a damar kafa ƙungiya ta hanyar sanar da ofishin kantoman gunduma, a ba su takardar shaida. Dokar 22 ga Disamba 1999 kuma ita ce ta tsara yadda ƙungiya ke samun matsayin ONG, wato ƙungiya mai zaman kanta da gwamnati ta amince da ita, bayan ta nuna aikin aƙalla shekara uku, ta samu amincewar Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Ko wanne daga cikin biyun ya isa a ƙulla yarjejeniyar sitaj da makaranta. Wadda ba ta iya nuna ko ɗaya ba, takardarta ba za ta yi wa ɗalibi amfani ba.

Kuɗi a nan ba shi da tabbas. Idan ƙungiya tana da shiri mai gudana, za ta iya ba da na babur, da kuɗin fita a ranakun da aka je ƙauye. Idan shirin ya ƙare kuwa, shugabanta ma da aljihunsa yake biyan wutar ofis. Shiga tana da sauƙi: wasiƙar makaranta, takardar neman sitaj, tarihin karatu, a je da ƙafa a nemi ganin shugaba ko mai kula da shirye-shirye, sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu a ji amsa.

Ƙarkon kuwa yana cikin aikin da za a ɗora wa ɗalibi. Ma'aikata ba su da yawa, saboda haka a mako na biyu za a iya ba shi waya ya fita tattara bayanai, a na huɗu a ce ya rubuta rahoton taron wayar da kai, kafin ya gama ya ga yadda ake tsara kasafin kuɗin ƙaramin shiri. A nan ne kuma Hausarmu take zama jari. Galibin mazauna Minawawo daga jihar Borno ta Najeriya suka fito, kuma duk da cewa suna da harsunansu irin su Kanuri da Glavda da Mafa, Hausa ce ke haɗa da yawansu, alhali ma'aikatan da aka turo daga kudu Faransanci suke ji. Ɗalibin da ke jin Hausa da Fulatanci, ya iya rubuta Faransanci, yana da abin da takardar digiri ba ta bayarwa, kuma ina mamakin yadda da yawa ba sa rubuta harsunan nan a tarihin karatunsu, kamar abin kunya ne. A rubuta su, a kuma bayyana wanda ake iya karantawa da rubutawa. Wanda zai nufi Kuseri ko Makari ya ƙara da Larabcin Shuwa idan yana ji. Sai dai a kula kada a mayar da ɗalibi tafinta kawai har ƙarshen sitaj, yana fassara wa wasu alhali ba a taɓa ba shi aikin kansa ba. Wannan magana tun ranar farko ake yin ta da mai kula.

Akwai wani abu da na gani wanda ya sa nake nanata batun mai kula. Na taɓa fita da wata ɗaliba zuwa wani wurin da 'yan gudun hijira na cikin gida suka zauna, aikinta shi ne ta cike tambayoyi a waya game da abincin da iyalai ke ci. Ta isa ƙofar wata bukka, tana tsaye, ta fara karanto tambaya ta farko. Tsohuwar da ke ciki ta dube ta ta ce: "'Yata, wannan karo na huɗu ke nan da ake rubuta sunana. Yau me kuka kawo?" Yarinyar ta rikice, ta buɗe baki za ta ce za a kawo buhu mako mai zuwa, abin da ba ta da iko a kai. Na sa baki, muka cire takalmi, muka zauna a tabarma, muka gaisa yadda ya kamata, muka tambayi jikoki, sa'an nan na ce: "Inna, ba mu zo da komai ba yau, kuma ba zan yi miki alkawarin da ba ni ne mai cikawa ba. Tambaya muka zo yi, in kin yarda." Ta yarda, ta kuma gaya mana abubuwan da ba sa cikin fom ɗin. Da ɗalibar ita kaɗai aka tura, da ta bar alkawarin ƙarya a bayanta, wanda ma'aikatan da za su zo daga baya ne za su ɗauki nauyinsa. Ƙungiyar da ke tura ɗan sitaj fili shi kaɗai a makon farko, ba ta koya masa neman izini kafin ɗaukar hoto ba, ba ta koya masa riƙe sirrin mutane ba, ba wurin zama ba ce ko da tana biya.

Sauran haɗarin guda biyu ne. Wasu ƙananan ƙungiyoyi ba su da motar kansu, sai a hau babur ko motar haya a hanyoyin da manyan ba sa bi sai da shiri, musamman wajajen Kolofata da Mayo-Moskota da hanyar Mora zuwa Dabanga. Ɗalibi yana da haƙƙin ya tambayi inda za a je, da wa, da lokacin dawowa, yana da haƙƙin ya ƙi. Na biyu shi ne sitaj marar ƙarshe, inda wata uku ke zama shekara, ana yi wa yaro romon baka cewa kuɗi na nan tafe. Maganinsa rubutacciyar yarjejeniya mai ranar farawa da ranar gamawa.

Croix-Rouge da aikin sa-kai

Croix-Rouge ta Kamaru tana da rassa a gundumomi da ƙananan hukumomi, ba a manyan birane kaɗai ba, kuma wannan ne babban alherinta ga ɗalibin da zai yi hutu a garinsu, a Kayele ko Gidar ko Maiganga. Kada a rikita ta da CICR, ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai aiki a wuraren rikici, wadda shigarta irin ta manyan ƙungiyoyi ce. Ana fara hulɗa da Croix-Rouge ne da horon agajin gaggawa, wanda akan biya ɗan kuɗi a kansa, daga nan a shiga sahun 'yan sa-kai. Albashi babu, sai kuɗin fita idan aka kira aiki, kamar lokacin ambaliya ko ɓarkewar kwalara ko gangamin rigakafi. Abin da ake samu yana da ƙarko ta wata fuskar: iya tsayar da jini, ɗaukar wanda ya karye, tace ruwan sha, shirya layin rabon kaya ba tare da turmutsitsi ba, duk abubuwa ne da ba sa barin mutum. Rauninta shi ne aikin yana zuwa ne lokaci-lokaci, kuma ba kowane sashe na jami'a ke ɗaukar takardar sa-kai a matsayin sitaj ba, don haka a fara tambayar shugaban sashe. Haɗarinta na lafiya ne, sai a tabbatar an samu safar hannu da sauran kayan kariya kafin a shiga wurin annoba.

A gefenta akwai shirin sa-kai na ƙasa a ƙarƙashin Ma'aikatar Matasa, wanda dokar 2021 ta ba gindin zama, da kuma shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira VNU, mai biyan alawus na wata-wata. Waɗannan sun fi dacewa da wanda ya riga ya kammala karatu.

Ƙungiyoyin unguwa da na masallatai

Kwamitocin raya gari, ƙungiyoyin tallafa wa marayu, masu tara zakka da sadaka, ƙungiyoyin mata masu adashi da ke ɗaukar nauyin marasa lafiya: duk waɗannan suna aikin alheri tun kafin farar motar ƙungiyoyin agaji ta fara shigowa yankin nan. Shiga ba ta buƙatar komai sai gaisuwa da sanin dattijo ɗaya, kuɗin da za a kashe kusan babu tunda da ƙafa ake zuwa, haɗarin hanya kuma babu. Abin da ba su da shi shi ne mai koyarwa, don haka ɗalibin ne zai zo da iliminsa. Na san wani mai karatun lissafin kuɗi da ya tarar da kwamitin marayu na unguwarsu yana rubuta komai a littafin makaranta ɗaya, kuɗin shiga da sunayen yara da bashin mai hatsi duk a haɗe. Cikin hutu ɗaya ya raba musu littattafai, ya tsara jerin yaran da ajinsu da ranar biyan kuɗin makarantarsu, ya koya wa ma'aji yin rahoton wata. Wannan aiki ne na gaske, kuma ya iya bayyana shi dalla-dalla a hirar neman aiki. Amma a kula da biyu: da yawansu ba su da rajista, ba za su iya ba da takardar da makaranta ke so ba, kuma inda kuɗin jama'a yake, zargi ba ya nisa, saboda haka ɗalibi ya tsara littafi amma kada ya riƙe kuɗi.

Wanda ke buƙatar hatimin hukuma kuma yana son irin wannan aiki na kusa da jama'a, zai iya duba cibiyoyin jin daɗin jama'a na Ma'aikatar Harkokin Zamantakewa, ko cibiyoyin horar da mata na Ma'aikatar Mata da Iyali. Ba ƙungiyoyi ba ne, ba sa biya, amma takardarsu ba ta da gardama.

| Ma'auni | Manyan ƙungiyoyi | Ƙungiyoyin gida | Croix-Rouge | Na unguwa |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Galibi akwai alawus | Ba tabbas, wani lokaci na babur | Kuɗin fita kawai | Babu, kashewa ma kaɗan |
| Takarda | Mai kwarjini | Karɓaɓɓiya idan akwai rajista | A tambayi makaranta | Sau da yawa babu |
| Ƙwarewa | Ta ofis da tsari | Ta fili da ta ofis | Agajin gaggawa | Abin da ɗalibi ya ƙirƙira |
| Shiga | Wuya, jira mai tsawo | Mako ɗaya zuwa biyu | Bayan horo | Nan take |
| Haɗari | Zaman banza, 'yan damfara | Hanya, aiki ba iyaka | Cututtuka | Zargin kuɗi |
| Mai kula | Akwai, lokacinsa kaɗan | Ya danganta da mutum | Shugaban tawaga | Babu |

Wa ya dace da wace

Ɗalibin masta, ko wanda ya gama karatu ba da daɗewa ba, mai Faransanci da Turanci, wanda ba a yanke masa ranar kawo rahoto ba, ya nemi manyan ƙungiyoyi ta shafukansu, ya fara tun wata shida kafin lokacin da yake so, yana kuma yin wani abu kafin amsa ta zo. Haka ma wanda iyayensa ba za su iya ɗaukar nauyin sefa dubu sittin da 'yan kai ba: ya fi masa ya dage a kan wurin da ke biya, ko ya zaɓi wanda zai je da ƙafa, da ya ci bashi domin sitaj.

Mai karatun aikin jinya ko kiwon lafiyar jama'a, da duk wanda zai yi hutunsa a ƙaramin gari, Croix-Rouge ce ta fi kusa da shi. Ɗan shekarar farko ko ta biyu, wanda makaranta ba ta fara neman rahoto a wurinsa ba, ya fara da kwamitin unguwarsu, domin idan ya je neman sitaj na gaske daga baya zai zo da abin faɗa.

Ga ɗaliba mace, ina ba da shawarar ta fifita ƙungiyar da ke da mata a cikin shugabanninta, wadda ke sa kowa ya sa hannu a kan ƙa'idar hana cin zarafi, ta kuma nuna wa ɗan sitaj wurin kai ƙara. Ta tambaya tun farko ko akwai tafiyar kwana, domin a daidaita da iyaye kafin ranar ta zo. Ɗaliban Cadi da ke karatu a Marwa da Ngaundere, waɗanda ke son komawa gida aiki, su tuna cewa tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 ƙungiyoyi sun fi taruwa a gabashin ƙasar, wajajen Abeshe da Adre, inda Larabci ne harshen aiki.

Ɗalibin lisans da ke da wata biyu ko uku, wanda dole ya kawo rahoto, kuma yana jin harsunan yankin, ƙungiyar gida mai rajista ce tasa, bisa sharaɗi uku: rubutacciyar yarjejeniya, sunan mai kula, da jerin ayyukan da za a ba shi. Wannan ne rukunin ɗan yayata. Na ce ya koma wurin ƙaramar ƙungiyar kafin Litinin ya nemi ganin takardar rajistarta, ya tambayi wanda zai kula da shi, ya roƙi a rubuta kuɗin babur na ranakun fita a cikin yarjejeniya. Sun nuna masa takardar, sun haɗa shi da wata mai kula da shirin mayar da yara makaranta, sun amince da kuɗin babur ɗin. Ya fara ranar Litinin, takardunsa na babbar ƙungiyar kuma ya bar su a can, da niyyar sabunta su idan ya shiga masta.